Toshewar hanyar maniyyi da dashen ƙwai: tambayoyin da magidanta ke yi a Katsina da amsoshinsu

Wannan shafi na ma'auratan da aka daɗe da aure babu ko ɓatan wata ne, aka je awo, takarda ta fito cewa ba a ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyin miji ba. Tambayoyin su ne waɗanda aka fi yi a nan Katsina, wasu a gaban likita, wasu sai an fito bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Amsoshin ba za su hana ka zuwa wurin likitan mafitsara ba, domin akwai abin da sai an taɓa da hannu ake gane shi.

Ina da ƙarfina, maniyyina mai kauri ne kamar na kowa. Ta yaya za a ce babu ƙwayar haihuwa a cikinsa?

Ruwan daban, ƙwayar daban, kuma ba wuri ɗaya ake yin su ba. A cikin 'ya'yan maraina ake ƙera ƙwayoyin haihuwa, aikin da ke cin sama da wata biyu. Daga nan su shiga wani siririn bututu mai murɗe-murɗe da ke manne a bayan kowane ɗan maraina, wanda likitoci ke kira efididimis. Da za a warware shi, tsawonsa zai kai mita 6. A cikinsa suke nuna, su fara motsi. Sai su hau wani bututu mai kauri da ke haurawa ta gefen mara, ya zagaya bayan mafitsara, ya ratsa furostet, wani ƙulli da ke ƙasan mafitsara, ya faɗa hanyar fitsari. Ruwan da kake gani kuwa, mafi yawansa daga wasu 'yan jakunkuna biyu na bayan mafitsara yake fitowa, saura daga furostet. Abin da maraina ke zubawa a ciki bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Don haka idan hanya ta toshe daga ƙasa, ruwan zai fito yadda ya saba, da launinsa da kaurinsa, sai dai babu iri a ciki. Kamar motar da ta iso kasuwa a kan lokaci amma wayam, saboda gadar da ke tsakanin gona da titi ta karye. Amfanin gona yana nan, hanya ce babu. Sha'awa da ƙarfin gaba kuma sinadarin testosteron ne ke riƙe da su, shi kuwa ta jini yake bi, ba ruwansa da bututun. Mutum zai iya sauke haƙƙin mata huɗu alhali hanyarsa a toshe take.

Wannan matsala ni kaɗai ta samu?

A'a. Kusan namiji 1 cikin 100 ba shi da ƙwayar haihuwa a maniyyinsa, kuma a cikin mazan da ke neman haihuwa ba su samu ba, adadin ya kai 10 zuwa 15 cikin 100. Kimanin 4 cikin 10 na waɗannan toshewa ce, sauran kuma maraina ne ba sa ƙera ƙwayar yadda ya kamata. A rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun miji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma je ka leƙa layin asibitin Turai 'Yar'aduwa ko sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya da safe, ka ga wa ke zaune riƙe da kati.

Me ke toshe hanyar?

A ƙasarmu babban dalili shi ne ciwon sanyi da ba a yi wa magani daidai ba. Ƙwayar cutar ta hauro daga hanyar fitsari ta sauka cikin efididimis, ɗan maraina ya kumbura, zazzaɓi ya rufe mutum, ya je kemis a haɗa masa kafso na kwana uku, kumburi ya saɓe, ya ce ya warke. Ciwon ya tafi, amma ya bar tabo, kuma ramin bututun nan bai fi kaurin gashi biyu ko uku ba, tabo kaɗan ya isa ya liƙe shi. Akwai ma nau'in sanyin da ba ya nuna alamar komai, kilamidiya, yana ɓarnarsa shiru.

Kada Hajiya ta karanta wannan ta ɗaura ɗamarar tuhuma. Kumburin maraina yana iya zuwa daga cutar mafitsara ta yau da kullum, wadda ba ta da alaƙa da saduwa. Tarin fuka ma yakan sauka a wurin, kuma shi idan ya shiga yakan toshe wurare da yawa a lokaci guda. Akwai tsargiya: yaron da ya tashi yana wanka a dam ɗin Jibiya ko Zoɓe ko Ajiwa ko Sabke, ya yi fitsarin jini har aka ɗauka alamar balaga ce, ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a jakunkunan maniyyi da furostet, su haddasa kumburi da tabo.

Sai tiyata. Aikin ƙaba a gefen mara, musamman wanda aka yi wa yaro yana ƙarami, da aikin gwaiwar ruwa, duk kusa da bututun ake yin su, kuma ana iya yanke shi ko a ɗaure shi ba da sani ba. Rauni daga haɗarin babur ko bugun ƙwallo shi ma yana iya jawowa. Wasu kuma da abinsu aka haife su: babu bututun mai kauri gaba ɗaya a ɓangarori biyu, ko kuma wani ƙulli mai ruwa ya danne mafitar a cikin furostet.

Sai ɓangarorin biyu sun toshe kafin ƙwaya ta ɓace ƙaf. Idan ɗaya a buɗe yake kuma ɗan marainansa lafiyayye ne, ya wadatar.

Ina da 'ya'ya uku da uwargida, ƙaraminsu ya shekara goma. Amarya shekararta huɗu shiru. Ai ba daga gare ni ba ne?

Malam, shirun ya fara tun kafin amarya ta shigo. Haihuwar da ka yi a baya shaida ce cewa hanya a buɗe take a lokacin, ba ta ce komai a kan yau ba. Ciwo ko tiyata ɗaya a tsakani ya isa. Idan mata biyu ko uku suka yi shiru a gida ɗaya, awon miji ne farkon abin yi, kuma shi ne mafi arha cikin duk gwaje-gwajen. Haka nan wanda aka ce masa yau ba shi da ƙwaya, haramun ne ya juya yana kallon 'ya'yansa na baya da zargi. Takardar yau ba ta ba da labarin shekara goma da suka wuce.

Yaya ake gwajin, kuma sau nawa?

Za a ba ka 'yar roba mai murfi. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ba ƙasa ba, ba sama ba. Duk abin da ya fito ya shiga robar, musamman tunkuɗar farko, don a nan ƙwayoyin suka fi yawa. Kada a tara a kororon roba na kanti, akwai sinadarin da ke kashe ƙwaya a jikinsa. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, a aljihun gaban riga inda ɗumin jiki zai riƙe shi, ba a kan dashbod cikin rana ba, ba kuma cikin ƙanƙara ba. Mai tahowa daga Daura ko Funtuwa kada ya ɗauko daga gida, ya nemi ɗaki kusa da wurin gwajin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da fitarwa da hannunsa ba, iyalinsa na iya taimaka masa, kuma ba a sa ranar gwaji da rana cikin azumi.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ana maimaitawa bayan wasu makonni, kuma dole mai gwajin ya juya ruwan a injin da ke tace shi, ya duba abin da ya kwanta a ƙasa, domin wani lokaci ƙwayoyi ƙalilan suna nan a ɓoye. Tambaye shi kai tsaye ko ya yi hakan. Zazzaɓi mai zafi yakan rage ƙwaya har na wata uku, don haka wanda bai daɗe da tashi daga maleriya ko taifot ba ya faɗa wa likita. Wanda kuma ke karɓar allurar testosteron don ƙarin ƙarfi ko gina jiki, ita kanta tana tsayar da ƙera ƙwaya cak. Ya daina, a jira watanni, a sake awo.

Ta yaya likita zai bambance toshewa da rashin ƙerawa?

Da hannunsa tukuna. Zai duba girman 'ya'yan maraina da taurinsu, ya shafa bayansu ya ji ko efididimis ya cika ya yi tauri, ya laluba bututun mai kauri a cikin fata, wanda a yatsa yake kamar igiya. In babu shi, a take zai gane. Sai awon jini na sinadarin FSH, mai umartar maraina su ƙera ƙwaya, da na testosteron. A toshewa, maraina girmansu daidai, FSH ma daidai. Idan maraina sun ƙanƙance, FSH ya yi sama, alama ce cewa aikin ƙerawa ne ya yi rauni, kamar yadda yake faruwa ga wasu da hangum ya sauka musu a maraina bayan sun balaga.

Yawan ruwan ma yana ba da labari. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa mafi ƙarancin ruwan a mililita 1.4. Wanda nasa ɗan tsito ne, mai tsami a gwaji, babu sukarin furuktos a ciki, ana zargin toshewa can sama kusa da furostet ko rashin bututun tun haihuwa, sai a yi hoton sikanin ta dubura. Mai ciwon suga kuma da ruwansa ya ragu, ana duba fitsarinsa bayan saduwa, don wani maniyyin baya yake komawa cikin mafitsara. Wannan wata matsala ce daban da maganinta.

Babu magani na sha da zai buɗe hanyar?

Babu. Tabo nama ne da ya riga ya haɗe. Maganin kashe ƙwayar cuta yana aiki ne lokacin da ciwon ke ci, kuma a lokacin dole a yi wa miji da dukkan matansa tare, in ba haka ba za a yi ta miƙa wa juna. Maganin tsargiya yana kashe tsutsa, ba ya goge tabon da ta bari. Jiƙo da tsimi da garin da ake talla da lasifika ranar kasuwa, mai wanke mara, mai kaurara maniyyi, ko sun ƙara sha'awa ba sa kaiwa inda toshewar take. Haka wanda duk wata ake ce masa an ga ƙwayar cutar "sitaf" a maniyyinsa, a rubuta masa allurai masu tsada. Sau da yawa ƙwayar daga fatar jikinsa ta faɗa robar.

Asarar kuɗin ba ta kai asarar lokaci ba. Ƙwayar namiji mai toshewa za ta jira shi shekara goma, ƙwan matarsa ba zai jira ba.

To mene ne mafita?

Hanya biyu ce: a gyara bututun da tiyata, ko a tsallake shi, a ɗebo ƙwayar daga tushe a haɗa da ƙwan matar a ɗakin gwaji, wato dashen ƙwai.

Gyara ya danganta da inda aka toshe. Idan bututun mai kauri ne ya yanke, ana datse wurin tabo a ɗinke bakin biyu. Idan a efididimis ne, ana jona bututun mai kauri da sashen da ke sama da tabon, aikin da ake yi a ƙarƙashin madubin ƙara girma da zaren da ya fi gashi siranta, kuma masu hannun yin sa ba su da yawa a Najeriya. Idan mafitar cikin furostet ce, ta hanyar fitsari ake zura na'ura a kankare bakin, ba tare da yanka fata ba. Bayan gyara ƙwaya kan dawo cikin wata uku zuwa shekara guda, wani lokaci fiye, wani lokaci kuma ba ta dawowa, ko ta dawo hanyar ta sake liƙewa. Wanda aka haifa babu bututun, ko tarin fuka ya lalata wurare da yawa, babu abin jonawa.

Wanne ya fi, gyara ko dashen ƙwai?

A ƙasashen Turai inda ake neman ɗa ɗaya ko biyu, da yawa sukan wuce kai tsaye zuwa dashe. Lissafinmu ba irin nasu ba ne. Magidancin da ke da mata biyu, masu ƙuruciya, yana fatan zuri'a mai yawa, idan gyara ya yiwu kuma aka dace, tiyata ɗaya ta buɗe ƙofa ga kowane ɗaki, a shimfiɗarsa, ba tare da an yi wa kowa allura ba. Dashe kuwa kowane ciki da kuɗinsa, kowace mace da nata zagayen. A ganina duk wanda matarsa ba ta kai 35 ba, kuma an duba an ga bututun mahaifarta a buɗe, ya cancanci ya ji ta bakin likitan mafitsara mai wannan aiki kafin ya biya kuɗin dashe. Cibiyar dashe abin da take sayarwa shi za ta fara nuna maka.

Idan kuwa matar ta haura 37, ko ita ma bututunta ya toshe, abin da ke yawan faruwa tunda sanyin da ya taɓa miji ya taɓa ta, jiran shekara guda a ga ko gyara ya ɗauka caca ce. A nan dashe ya fi. Wanda ya zaɓi gyara kuma ya roƙi a ɗebi ƙwaya a daskarar a lokacin tiyatar, in akwai wurin ajiya, don kada a sake buɗe shi idan abin bai yi ba.

Yaya ake ɗebo ƙwayar? Da zafi?

Mafi sauƙi shi ne PESA. Ana kwantar da kai, a yi allurar kashe zafi a saman maraina, likita ya riƙe efididimis tsakanin yatsu biyu, ya soka siririyar allura ya zuƙo ɗan ruwa mai hazo da bai cika cokalin shayi ba. A take a miƙa wa masanin ɗakin gwaji ta taga, ya ɗora a madubi, ya ce an samu ko a ƙara. Duka bai fi rabin awa ba. In ba a samu a nan ba, sai TESA, wato zuƙowa daga cikin ɗan maraina kansa, ko TESE, a ɗan tsaga a ciro tsoka kamar ƙwayar shinkafa. Akwai kuma MESA, inda ake buɗewa a ɗiba a ƙarƙashin madubi, ita ce ke ba da ƙwaya mai yawa ta ajiya.

Ga mai toshewa ta gaskiya, kusan kullum ana samu. Ranar za ka koma masauki, da ɗan tsami na kwana biyu ko uku, kamfai mai ɗamewa da farasitamol sun isa. A bar hawan babur da ɗaukar kaya na mako guda. Ba ya rage ƙarfin namiji. Abin da ya ragu ana daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya shekara da shekaru bai lalace ba.

Me ya sa ba za a zuba ƙwayar cikin mahaifa kawai ba, tunda ya fi arha?

Domin wadda aka ɗebo ba ta da yawa kuma ba ta gama nuna ba, ba za ta iya iyo ta huda ƙwai da kanta ba. Shi ya sa ake yin ICSI: masanin ya riƙe ƙwan mace da wani tsinken gilashi, ya zaɓi ƙwaya ɗaya tak, ya soka ta cikin ƙwan da allurar da ido ba ya gani. An haifi jaririyar farko ta hanyar dashen ƙwai, wato IVF, a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards, amma wannan bai amfani maza masu toshewa sosai ba sai a 1992, lokacin da Gianpiero Palermo da abokan aikinsa a Burasels ta ƙasar Beljiyam suka ba da rahoton haihuwa ta ICSI. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin IVF a Legas cikin shekarun 1980, sannan a 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a Abuja a hannun Dokta Ibrahim Wada.

Matsalar tawa ce. Me ya sa matata ce za ta sha allurai?

Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata miji ya haɗiye tun kafin a fara. Naka aikin rabin awa ne, nata makonni. Za ta yi kwana 10 zuwa 12 tana karɓar allura a fatar ciki kullum don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, ana sikanin bayan kwana biyu ko uku. Yawancin alluran a firji ake ajiye su, don haka mai tasowa da su daga Kano ko Abuja ya tanadi kula da ƙanƙara, ya kuma san halin wutar unguwarsu. Sai allurar ƙarshe, wadda ake faɗin lokacinta har da minti. In an ce tara da rabi na dare, tara da rabi ne, domin awa 34 zuwa 36 bayanta ake ɗibar ƙwai, kuma in aka makara sun fashe sun tafi. Ana ɗibar su ta farji, tana cikin barcin magani. Washegari a faɗa muku nawa suka haɗu, galibi wajen 7 cikin 10 na nunannun. Bayan kwana 3 ko 5 a mayar da ɗaya ko biyu cikin mahaifa da siririn bututu, a jira kusan mako biyu a auna jini.

Akwai haɗarin da ke kanta: ƙwayayenta su kumbura fiye da kima, ciki ya tara ruwa, numfashi ya yi wuya. In ta ga haka asibiti a daren, ba gobe ba. Kwanciya a gado bayan dashe kuwa ba ta ƙara komai, ta yi harkokinta marasa nauyi.

Kuma Malam, duk tsawon wannan, dangi ita suke kallo. Gwaggo ta kawo rubutu, Hajiya ta fara zancen ƙarin aure, kishiyoyin sauri suna habaici. Ba dole ka tara jama'a ka karanta musu takardarka ba. Amma ka iya cewa mahaifiyarka, "Hajiya, mun je asibiti tare, ba laifinta ba ne, addu'arki muke nema." Barin mace ta ɗauki sunan juya kan abin da ka san daga gare ka yake zalunci ne.

Ana dacewa kuwa?

Ana dacewa, ba kullum ba. Abin da ya fi komai tasiri shi ne shekarun matar, ba tsawon lokacin da ka yi a toshe ba. Ga wadda ba ta kai 35 ba, a cibiya mai kyau, kusan 1 cikin 3 na dashe ke kaiwa ga haihuwa. Daga 35 abin yana raguwa, bayan 40 ya faɗi sosai. Ke nan ko ga mai ƙuruciya, rashin dacewa a karon farko ya fi samun nasara yawa, don haka ku shiga da shirin cewa ana iya maimaitawa. Idan an samu 'yan tayi da suka ragu aka daskarar, zagaye na biyu ya fi sauƙi da arha. Duk wanda ya ba ka tabbacin ɗari bisa ɗari, ɗauki hularka.

Kada ku matsa a dasa uku ko huɗu don a huta gaba ɗaya. 'Yan uku suna zuwa da bakwaini da hawan jinin ciki da watanni a kwalbar jarirai.

Musulunci ya yarda?

Manyan majalisun fatawa sun halatta, da sharuɗɗa. Shaikh Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawa a kai a 1980, sannan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta fayyace. Ƙwayar ta zama ta miji, ƙwan na matarsa, a mayar cikin mahaifar ita mai ƙwan, kuma igiyar aure tana nan. Maniyyin wani, ko na ɗan'uwa shaƙiƙi, haramun ne, haka ƙwan wata ko aron mahaifa. Tambayar da ta fi shafar gidajenmu ita ce ko kishiya za ta iya ɗaukar cikin kishiyarta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yarda da shi a 1984, ta dawo ta janye a 1985, saboda kishiyar na iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin, a rasa gane uwa. Ƙwayar da aka daskarar kuma ba a amfani da ita bayan saki ya yanke aure ko bayan miji ya rasu.

Mai toshewa ba ya buƙatar maniyyin kowa, nasa yana nan. Idan wata cibiya ta fara yi maka tayin na wani tun kafin a gwada ɗibar naka, canja wuri.

Yaron zai fito lafiya? Zai gaji matsalar?

An haifi sama da mutum miliyan 10 ta hanyar IVF a duniya, mafi yawansu lafiya lau. Akwai ɗan ƙarin haɗarin naƙasar haihuwa idan aka kwatanta da sauran jarirai, amma kaɗan ne. Toshewar da ciwo ko tiyata ta jawo ba a gadonta. Wanda aka haifa babu bututu ne ke buƙatar ƙarin bincike, domin sau da yawa abin yana da alaƙa da ƙwayar gadon CFTR, mai jawo wata cutar huhu idan uwa ma tana ɗauke da ita, don haka a auna su biyun. A kuma yi masa hoton ƙoda, wasunsu da ƙoda ɗaya aka haife su ba su sani ba. Awon jinin sikila, da na ƙanjamau da ciwon hanta, wajibi ne ga kowa kafin a fara.

Daga ina zan fara, kuma me zan tambaya kafin in biya?

Fara a gida. Gwajin maniyyi, awon jini, sikanin da ganin likitan mafitsara duk ana yi a Katsina, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Daga nan ana iya tura ka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin mafitsara na Abubakar Imam a Kano, ko Shika a Zariya. Matar ma a duba ta a lokaci guda, har da hoton bututun mahaifa. Cibiyoyin dashe sun fi yawa a Legas da Abuja, inda Asibitin Ƙasa ma yake da sashensa, akwai kuma a Kano. Masu hali kan tafi Masar ko Indiya. Kuɗin zagaye ɗaya miliyoyin naira ne, yana hawa da sauka da dala tunda daga waje ake shigo da magungunan, kuma yawancin inshorar lafiya ba ta ɗaukarsa.

Ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗi: da magani ko babu, da ɗibar ƙwayarka ko daban ne, nawa ne ajiya a shekara. Tambaye su mata nawa masu shekarun matarka suka haihu a hannunsu, ba nawa gwajin ciki ya nuna ba. Tambayi wa ke zama a ɗakin gwajin kullum, ko sai an tara mata a ɗauko shi daga wani gari. Tambayi abin da ke riƙe wutar ɗakin idan janareta ya tsaya. Tambayi yadda suke sa suna a kwanukan, da ko mutum biyu ne ke tabbatarwa a kowane mataki, domin maganar nasaba ce. A rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba a yarda da ƙwaya ko ƙwan wani ba, da abin da za a yi da ajiyar idan aure ya mutu ko ɗayanku ya rasu. In an ce ciki ya shiga, ku je wani asibiti daban a yi sikanin bayan mako shida ko bakwai a ga bugun zuciya. Binciken BBC na 2024 a Jihar Anambra ya bankaɗo masu ce wa mata suna da cikin da na'ura ba ta gani, su karɓi kuɗi, a ƙarshe su miƙa musu jaririn wata. Ciki na gaskiya, kowace na'urar sikanin tana ganinsa.